Darasi na 11: Wutar Sola, Kuɗin Waje da Unguwarmu

A wannan darasi za mu bi sawun wutar da ke shigowa gidajenmu, mu ga inda kuɗin ƙasashen waje ke shiga cikin harkar, sannan mu yi ɗan lissafin da zai amfani duk mai niyyar sayen sola.

Wanda ya bi titin Court Road a Gyadi-Gyadi, ko ya ratsa lungunan Babban Giji zuwa kasuwar Tarauni, in ya ɗaga kai zai ga faifan sola a kan rufin shaguna da masallatai da ɗakunan magani. Wani mai shagon ma da safe yake fito da nasa ya jingina a bakin ƙofa, da magariba ya mayar ciki don gudun ɓarayi. Shekara goma da suka wuce sai gidan mai hali ake ganin haka. Abubuwa uku ne suka haɗu suka kawo wannan sauyi: wutar NEPA ba ta zama, man janareto ya fi ƙarfin talaka, kayan sola kuma sun yi sauƙi a kasuwar duniya. A cikin na ukun nan akwai hannun ƙasashen waje, kuma ya kamata mu san girman hannun da iyakarsa.

Daga ina wutar take zuwa?

Kano, duk da yawan jama'arta da masana'antunta na Sharaɗa da Challawa da Bompai, ba ta da babbar tashar samar da wuta ta kanta. Wutar da muke kunnawa daga nesa ake turo ta. Wata daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro, mafi yawa kuma daga tashoshin iskar gas da ke kudancin ƙasar. Manyan wayoyi ne ke ɗauko ta su biyo ta Mando a Kaduna, su sauke a tashar Kumbotso. Daga nan a raba ta zuwa ƙananan tashoshi irin ta Ɗan'agundi, sannan kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, ya kai ta taransifomar unguwa.

Duk Najeriya, mai mutum sama da miliyan 200, abin da babban layin ƙasa ke iya rabawa a yawancin ranaku yana tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Wannan kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa ake karɓa-karɓa, wata unguwa da safe, wata cikin dare.

Ƙarancin wuta matsala ɗaya ce. Ta biyun ita ce tsawon hanyar da take biyowa. A watan Oktoba na 2024 mun ga abin da wannan ke nufi. Ɓata-gari sun lalata layin Shiroro zuwa Mando, sai kuma ɗayan layin da ke tahowa daga Enugu ta Binuwai ya sami matsala. Yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu fiye da mako guda. Duk wanda ke wannan aji ya tuna kwanakin: ƙanƙara ta zama abin nema, masu markaɗe suka ƙara kuɗi, 'yan garuwa suka tsawwala saboda rijiyoyin burtsatse sun koma kan fetur, shagunan cajin waya suka cika maƙil, masu walda suka zauna hannu rabbana. Turakun da aka karya suna can daji mai nisan ɗaruruwan kilomita, amma tukunyar da ta kasa ɗoruwa tana Tarauni.

Abin da muka rasa a kwanakin nan shi masana ke kira tsaron makamashi. Ana cewa gari yana da shi idan wuta tana samuwa lokacin da ake buƙata, farashinta bai gagari jama'a ba, kuma ba a rataye ta a hanya ɗaya tilo da za a iya tsinkewa a dare ɗaya ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗani wannan ta wata fuskar. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga Najeriya suke saye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka yanke musu ita a watan Agusta a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS. Ɗaya daga abubuwan da suka rage wa Yamai raɗaɗi ita ce tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda aka gina da kuɗin Tarayyar Turai da Faransa, ta fara aiki a ƙarshen 2023. Rana dai babu gwamnatin da ke iya saka mata takunkumi.

Tallafi iri-iri ne

Idan aka ji a rediyo cewa "Bankin Duniya ya ba Najeriya dala miliyan kaza", mutane da yawa sukan ɗauka kyauta ce aka kawo a raba, sai a fara tambayar ina rabon unguwarmu. Mu tsaya a nan mu warware, domin nan ne ruɗanin yake.

Akwai kyauta ta gaskiya, wadda ba a biya. Yawanci ita ce mafi ƙanƙanta, kuma takan tafi ga asibitoci da makarantu, ko ga horar da ma'aikata da rubuta dokoki. Birtaniya ta yi irin wannan da shirin Solar Nigeria, wanda ya saka sola a makarantun Legas da ƙananan asibitocin jihar Kaduna. Jamus da Tarayyar Turai kuma, tun 2013, suna taimaka wa hukumomin Najeriya wajen tsara ƙa'idojin ƙananan tashoshin wuta na gari-gari.

Kaso mafi tsoka kuwa bashi ne. Bashi mai sauƙi, mai ƙaramin ruwa da dogon wa'adi, amma dai bashi. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 350 don shirin kai wuta karkara, Bankin Raya Afirka ya ƙara miliyan 200. A Disamba 2023 Bankin Duniya ya sake amincewa da dala miliyan 750 don wani shiri mai suna DARES, da burin kai wuta ga 'yan Najeriya miliyan 17.5. Hukumar Samar da Wuta a Karkara, wato REA, ita ke riƙe da waɗannan shirye-shirye. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne ƙasa ta ci shi don aikin da zai haifar da arziki. Sai dai daga baitulmalin ƙasa za a biya, wato daga aljihunmu da na 'ya'yanmu. Saboda haka mai tambayar yadda aka kashe shi ba shisshigi yake yi ba, haƙƙinsa yake bi.

To ta yaya kuɗin ke isowa? Ba a miƙa shi ga mai gida. Ana ba kamfanoni ne, kuma a mafi yawan lokuta sai bayan sun yi aikin. Kamfani zai nemo jarinsa, ya gina ƙaramar tasha a wani gari ko ya sayar wa gidaje kayan sola, a turo masu bincike su ƙirga gidajen da wuta ta shiga da gaske, sannan a biya shi wani kaso na abin da ya kashe. Wannan kason ne ke sauko da farashi ga mai saye. Matar da ta karɓi fitilar sola da fanka tana biya kaɗan-kaɗan ta wayarta, mai yiwuwa tallafin ya taɓa ta ba tare da ta taɓa jin sunansa ba.

Me ya sa ba a raba kayan kyauta kawai a huta? An gwada, kuma sakamakon yana tsaye a titunanmu. Ku dubi fitilun kan titi masu sola da suka mutu, da tankunan ruwa na unguwa da famfonsu ya daina zuba. Faifan yana nan lafiya lau, batir ne ya mutu ko wata 'yar na'ura ta ƙone, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin gyara, babu kuɗin da aka ware. Wanda ya kawo ya ɗauki hoto ya tafi. Kayan da aka sayar kuwa, mai sayarwa yana da dalilin dawowa, domin in ya lalace mai saye zai daina biya. Daga nan masu ba da tallafi suka koma maganar gina kasuwa: a sami mai sayarwa, mai gyara, mai ba da bashi da mai duba inganci, yadda harkar za ta ci gaba ko bayan an rufe shirin. A ganina wannan tunani daidai ne, amma yana da gurbi babba. Kasuwa mai kuɗi take bi. Bazawarar da ke riƙe da marayu ba ta da kuɗin kafin alƙalami, komai saukin biyan da zai biyo baya, kuma irinta ce ta fi buƙatar fitila.

Kada kuma mu ɗauka tausayi kaɗai ke motsa masu bayarwa. Hayaƙin da ke ɗumama duniya, mafi yawansa daga masana'antun ƙasashe masu arziki ya fito. Rabon Afirka gaba ɗaya bai kai kashi 4 cikin 100 ba, amma zafi da fari da ambaliya ba su ƙyale mu ba. Don haka a taron sauyin yanayi na Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, alkawarin da bai cika ba sai 2022. A taron Baku na 2024 aka ɗaga shi zuwa biliyan 300 kafin 2035. Wani ɓangare na wannan kuɗi diyya ce ta ɓarnar da ba mu muka yi ba. Akwai kuma ciniki: fiye da kashi 80 cikin 100 na faifan sola na duniya a ƙasar Sin ake ƙera shi, kuma yawan ƙerawar ne ya karya farashinsa da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Wannan faɗuwar farashi ta fi kowane shirin tallafi tasiri a kan rufin gidajenmu.

Abin da ya iso Kano

A 2018 aka fara haɗa shagunan kasuwar Sabon Gari da wutar sola, ƙarƙashin wani shirin REA tare da kamfanin Rensource, shekara biyu bayan gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar. A Satumba 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero. A Janairu 2023 aka buɗe wata mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso. Ku lura da wani abu: waɗannan manyan biyun, ta jami'a da ta Challawa, da kuɗin gwamnatin Najeriya aka gina su.

Wanda ya fi kusa da halin da muke ciki shi ne aikin Zawaciki, shi ma a Kumbotso. Can aka gina tasha mai megawat 1 a cikin unguwa, kamfanin Bagaja ya gina da yarjejeniya da KEDCO, tare da goyon bayan ƙungiyoyin waje. Tashar tana amfani da wayoyin da ke unguwar tun da: in rana ta fito sola ke ba da wuta, in wutar layi ta zo a karɓa, in duk babu a koma kan batir da janareton tashar.

Dalilin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne, shekaru da yawa tallafin waje ƙauyukan da ba su taɓa ganin turken wuta ba yake nema, kuma sun cancanta. Unguwa irin Babban Giji ko Darmanawa ko Unguwa Uku kuwa, a takarda tana da wuta. Ga turaku, ga waya, ga taransifoma, ga bil duk wata. Wutar ce ba ta zama. Irinmu mun daɗe a tsakiya, ba a lissafa mu cikin marasa wuta, ba mu kuma more ta ba. Shirin DARES ya buɗe ƙofa ga irin tashar Zawaciki a unguwannin birni, kuma dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. Unguwar da ke da teloli da masu walda da masu ƙanƙara da shagunan waya irin na Farm Centre tana da abin da mai zuba jari ke nema, wato masu shan wuta da rana, lokacin da sola ke da ƙarfi, waɗanda kuma dama suna kashe kuɗi a kan fetur. Abin da zai tambaya shi ne ko jama'a za su yarda da mita, su bar satar wuta, su biya a kan kari. Wannan amsa ba ta hannun Bankin Duniya, tana hannun mai unguwa da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa.

Ranar da mai bayarwa ya janye

A 2013 shugaban Amurka Barack Obama ya ƙaddamar da shirin Power Africa, wanda daga baya aka sa masa burin megawat 30,000 da haɗa gidaje da wuraren sana'a miliyan 60 da wuta. Ya yi aiki a Najeriya shekara da shekaru, yana haɗa kamfanoni da masu jari. A farkon 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, ta rushe hukumar USAID da ke riƙe da shirin, shirin ya tafi tare da ita. Ba a yi shawara da kowa a Kano ba. Zaɓe aka yi a wata ƙasa, ra'ayi ya canza. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai wata matsalar da ba a cika faɗa ba, ita ce ta canji. Kamfanin sola da dala yake sayo faifai da batir, sau da yawa da dala ya ci bashi, amma naira yake karɓa daga hannunmu. A watan Mayu 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta kai wajen 1,500. Bashin da kamfani zai biya da kuɗin gida ɗaya sai ya koma na gida uku. Ko dai ya ƙara mana farashi, ko ya durƙushe ya bar mu da kayan da babu mai gyara. Saboda haka tallafin da ya fi amfani shi ne wanda ke sa bankunan cikin gida su ba da bashin sola da naira, da wanda ke horar da matasan unguwa aikin haɗawa da gyara. Yaron da ya iya gwada batir da haɗa inbata yana nan a Gyadi-Gyadi ko wa ya ci zaɓe a Amurka.

Mu yi lissafi

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a cikin 2024. A Afrilu 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 a kan yunit ɗaya. Don haka lissafin da ke tafe ya shafi kowane mai sana'a.

Mu ɗauki misalin tela mai shago ɗaya. Ƙaramin janareto yana shan wajen rabin lita a awa. In ya kunna awa 6 a rana, lita 3 ke nan. A kwana 26 na aiki, lita 78. In muka ƙaddara lita naira 900 ce, ya ƙone naira 70,200 a wata, ban da baƙin mai da kuɗin makaniki da hayaƙin da yake shaƙa.

Yanzu mu auna wutar da yake buƙata. A jikin kowane kayan wuta akwai lamba da harafin W, wato wat, ƙarfin da yake ja. Ana ninka wat da awannin aiki. Ƙwai 4 masu wat 10, awa 5, ya ba da 200. Fanka mai wat 60, awa 8, ya ba da 480. Motar keken ɗinki mai wat 100, awa 4, ya ba da 400. Jimla 1,080, wato yunit ɗaya da ɗoriya, tunda 1,000 ne yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Faifai mai wat 300 a ranar Kano, in muka ba shi awa 5 na rana mai ƙarfi, zai tara 1,500. Cire wajen kashi ɗaya cikin huɗu da ke salwanta a waya da batir da zafi, saura 1,125. Ya ishe shi da kyar. Amma in ya jona dutsen guga mai wat 1,000, awa ɗaya tak zai shanye kusan duk abin da aka wuni ana tarawa. Shi ya sa telan da ya koma sola yakan bar gugarsa a kan gawayi.

Faifai mai kyau yana kai shekara 20 zuwa 25. Batir ne rauninsa. Mai ruwa yakan yi shekara 2 zuwa 4, zafin bazara da yawan zuƙe shi ƙarƙaf suna rage masa kwana. Na litiyam ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa nesa. Duk wanda ya sayi sola, ya fara ajiye kuɗin batir na gaba tun watan farko, kamar yadda yake zubin adashi. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar faifai da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya ɗau zafi. A kasuwa kuma a yi hattara, domin akwai faifan da aka manna wa lambar wat da ta fi ƙarfinsa, akwai tsohon batir da aka wanke aka sake wa kwali. Ku nemi a gwada a gabanku da na'urar gwaji, ku karɓi rasit da takardar garanti mai wa'adi a rubuce.

Batir in ya mutu kada a fasa shi a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. Dalma ce a cikin mai ruwa, gubar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara a 2010. A mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho a yi rangwame a kan sabo.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya wuta ke biyowa kafin ta iso taransifomar unguwarku?
2. Mene ne bambancin kyauta da bashi mai sauƙi, kuma wa ke biyan na biyun?
3. Me ya sa faɗuwar darajar naira ke shafar wanda yake biyan kuɗin sola da naira?
4. Ku tattauna a aji: in za a gina irin tashar Zawaciki a nan, wane fili za a ba ta, kuma su wa za su zauna da kamfanin a madadin unguwa?

Aikin gida

Kowa ya duba kayan wuta uku a gidansa ko shagonsa, ya rubuto lambar wat da ke jikinsu da awannin da suke aiki a rana. A tambayo kuma farashin litar fetur na wannan makon a gidan mai mafi kusa. Wanda karatun ƙananan lambobi ke ba wahala, ya ɗauko hoton lambar a waya, mu karanta tare a zama na gaba.